Kyaftin A-Fasa Ya Ajiye Hula

Har yanzu Kyaftin yana tashi da sassafe kamar mai jirgin farko, duk da likita ya riga ya karɓe masa izinin tuƙi. Yakan goge takalmansa, ya sa farar riga, ya fito tsakar gida da kofin shayi, ya ɗaga kai sama. Matarsa ta ce mini ba ya kurɓar shayin sai ya gama karanta gajimare: daga ina iska take, wane hadari ne na ruwa, wanne ne na burga. Sannan ya juyo ya ce mata, "Yau kada ki yi shanya," ko kuma, "Yau a yi wanki." Mutumin da ya yi shekaru yana kai jama'a gidajensu lafiya, yanzu saninsa ya tsaya a kan igiyar shanya.

Idan rana ta ɗaga sai ya taka zuwa bayan shingen filin jirgi, inda wani mai faci yake ba shi aron benci. A nan yake zama yana kallon jirage suna sauka. Kunnensa na hagu ya mutu, na dama ma yana bin sahu, saboda haka da ido yake sauraren su. Mai facin ya ɗauka tsohon akawu ne da zaman gida ya gundura. Ya taɓa ce mini, "Baban nan akwai son jirgi. Da ma Allah ya sa ya taɓa shiga."

Ni na san ya shiga. Na yi shekaru masu yawa ina shugabar ma'aikatan da ke kula da fasinja a cikin jirgi, kuma rabin aikina a bayan ƙofar Kyaftin na yi shi. Shi ya sa na ga ya kamata in yi magana tun yana da sauran kunnen da za a karanta masa.

Daga sojan sama ya zo mana. A can jirgin yaƙi ya tuƙa, irin mai ɗaukar mutum ɗaya, kuma abokansa sun shaida ba a kai shi ƙarfin hali ba. Mun ɗauka za mu samu irin waɗanda muka saba gani daga bariki, masu shigowa da ƙirji a gaba, waɗanda in sun yi magana an gama. Sai muka samu mutum mai yawan shiru. Wata rana muna jiran a zuba mai, na tsokane shi, na ce, "Yallaɓai, bayan jirgin yaƙi ai wannan motar haya ce a wurinka."

Bai yi dariya ba. Ya ce, "Ƙanwata, a can an koya mini in kai inda aka aike ni ko ta halin ƙaƙa. Rai ɗaya ne a jirgin, nawa, kuma na riga na sa hannu a kansa. In abu ya ɓaci, akwai kujerar da za ta cilla ni waje da lema. Nan fa? Leƙa baya ki gani. Tsohuwar can mai jika a cinya, wace takarda ta sa wa hannu? Ina kujerar da za ta cilla ta?"

Sunan da ya bi shi har yau ya samo shi ne a wata ranar ruwa. Jirgi cike yake, har da wani babba a kamfaninmu. Muka iso filin da za mu sauka, hadari ya rufe shi ruf. Muna gangarowa, tayoyi sun fito, ni ma na ɗaure ɗamarata, sai na ji injuna sun yi ruri, jirgin ya ɗaga hanci ya koma sama. Kyaftin bai ga titin saukar jirgi ba a lokacin da ya kamata ya gan shi, sai ya ce wa mataimakinsa, "A fasa." Ya zagaya ya jira, hadarin bai gusa ba, ya juya da mu wani gari.

Da muka sauka a can, ya zo ya tsaya a bakin ƙofa, abin da ba dole ba ne ga matuƙi. Kowane fasinja sai da ya wuce ta gabansa. Wani mai jakar ofis ya ce, "An ce soja ne, ashe farar kura ce." Babban nan na kamfaninmu ya wuce ko kallonsa bai yi ba. Sai wata mata ta tsaya, idanunta sun kumbura. Jana'izar mahaifinta za ta. Ta ce, "Ka hana ni ganinsa na ƙarshe. Kafin in isa an rufe shi."

Ya ce, "Ki yi haƙuri, 'yar'uwa. Allah ya jiƙansa."

Bayan jirgi ya zama wayam, na same shi zaune a kujerar fasinja ta gaba, hularsa a kan gwiwa. Ya ce, "Maganar matar nan za ta daɗe a raina. Amma gara ta rasa jana'izarsa da a haɗa tata da tasa."

Abin da ya ƙara masa nauyi shi ne jirgin da ya biyo bayanmu ya kutsa cikin hadarin ya sauka lafiya. A ofis aka riƙa nuna masa wannan. Ga ɗacin aikinsa ke nan: haɗarin da aka hana faruwa ba shi da hoto, ba shi da gawa, ba wanda zai zo ya yi godiya a kansa. Abin da ake gani kawai shi ne jinkiri, da man da aka ƙona, da fasinjan da ya yi fushi. Tun ranar aka fara kiransa Kyaftin A-Fasa, da farko a bayan idonsa, daga baya a gabansa. Bai taɓa hana kowa ba.

Da irin wannan ta maimaitu, sai kamfani ya yi masa abin da aka kira ƙarin girma. Aka rage masa tashi, aka mayar da shi ɗakin horo, wani gini mara taga a bayan rumfar gyaran jirage. A ciki akwai na'urar koyon tuƙi da muke kira Akwati: gaban jirgi ne sak, yana tsaye a kan ƙafafun ƙarfe, yana girgiza, yana nuna ruwa da hazo da gobarar inji, amma ba ya barin ƙasa. Kowa ya san an kai shi can ne don a huta da shi. Shi kuwa ya naɗe hannun riga.

Matuƙa iri biyu suke zuwa hannunsa, kuma yana da yadda yake faɗin su. Yakan ce, "'Yan'uwana sojoji suna da hannu, kunne ne babu. 'Ya'yana 'yan makarantar farar hula suna da kunne da littafi, amma sun bar wa na'ura tuƙi har hannunsu ya yi sanyi." Sai ya haɗa su biyu-biyu a Akwati. Yakan kashe wa yaran na'urar da ke tuƙa jirgi da kanta, ya bar su da hannunsu da zufarsu. Manyan kuma ya zuba musu ido ya ga ko za su ji maganar ƙaramin da ke zaune a damansu. Tsofaffin sojoji suka ce ya ci amanar kaki. Yaran suka ce mugu ne. Babu ɓangaren da ya ɗauke shi nasa.

Kyaftin, kai ne wanda ka tsaya tsakanin gida biyu, kowanne yana jifanka, ba ka shige ko ɗaya ka rufe ƙofa ba. Ragon da ya ja da baya aka ce tsoro ne.

A wannan ɗakin ne babbar jarrabawarsa ta same shi. Yana da amini tun daga bariki, wanda ake kira Guguwa. Tare suka koyi tuƙi, matansu kamar 'yan ɗaki ɗaya, kuma Guguwa ya sa wa ɗansa na fari sunan Kyaftin. Akwai kuma abin da ya fi wannan: wata rana a fagen daga an lalata wa Kyaftin jirgi, Guguwa ne ya manne a gefensa yana yi masa jagora har suka iso gida. Kyaftin bai taɓa ɓoye cewa ransa, bayan Allah, a hannun mutumin nan ya tsira ba.

Guguwa ya bar soja ya zo kamfaninmu. Hannunsa kam babu irinsa, in ya sauke jirgi ko ruwan kofi ba ya motsi. Sai dai mataimaka suna gudun tashi da shi, domin in yaro ya buɗe baki sai ya ce, "An tambaye ka?" Lokacin gwajinsa ya zo, kuma Kyaftin ne mai gwaji. Ma'aikacin da ke kunna Akwati yana wurin, shi ya ba ni labari.

Kyaftin ya sa musu hazo mai kauri. Suna gangarowa, mataimakin ya ce, "Yallaɓai, ban ga titi ba. A fasa."

Guguwa ya yi dariya ya ce, "Yaro, na sauka a inda babu titin ma." Ya ci gaba, ya ratsa hazon, ya dire jirgin a tsakiyar titi lafiya lau. Ya juyo yana murmushi ya ce, "Mutumina, ka ga aiki?"

Kyaftin ya ce wa mataimakin ya ba su wuri. Sannan ya ce, "Ka faɗi."

"Na me?"

"Ka faɗi gwajin. Yaron ya ce a fasa, kuma da gaskiyarsa. Ba ka ji shi ba."

"Na sauka ko ban sauka ba?"

"Ka sauka. Yau ka sauka."

Kyaftin ya sassauta murya ya ce, "Ka dawo mu zauna tare na ɗan lokaci, ni da kai. Ba hannunka zan gyara ba, ni ma a wurinka na koyi wani abin. Kunnen kawai."

Guguwa ya miƙe ya ce, "Ni zan koma aji da yaran da aka haifa ina sama? Ranar da jirginka yake hayaƙi, littafi ne ya kawo ka gida?"

"Kai ne."

"To ka riƙe takardarka."

Guguwa bai sake yi masa magana ba. Ya ajiye aiki, ya koma wani ƙaramin kamfanin ɗaukar kaya, mai tsofaffin jirage, inda ba a cika tambaya ba. Matan suka daina ziyartar juna. Takwaran Kyaftin, wanda a gidansa ya yi rarrafe, in ya hango shi a hanya sai ya tsallaka titi.

Ba a yi shekara biyu ba, wata safiya mai ruwa da hazo, jirgin Guguwa ya daki tudu kafin ya kai titi. Su uku ne a ciki: shi, da mataimakinsa, saurayi da bai daɗe da fara aiki ba, da makanikin jirgin. Babu wanda ya fita.

Masu bincike suka kira Kyaftin ya taya su sauraren muryoyin da akwatin naɗar magana ya riƙe, domin ya san muryar kuma ya san aikin. Ya je ya saurara. Abin da ya ji bai faɗa wa kowa ba sai bayan rahoto ya fito: yaron ya ce a fasa, a hankali, kamar mai neman alfarma. Ya sake faɗa. Yana cikin maimaitawa ta ƙarshe maganar ta yanke.

Na raka shi ta'aziyya gidan Guguwa. Falon cike yake da mata, an janye kujeru an shimfiɗa tabarmi, hoton marigayin da kakin soja yana rataye a bango. Matar Guguwa ta bari sai da ya durƙusa ya gama gaisuwa, sannan ta ce, "Da ka bar shi a babban jirgi mai kayan aiki, da yanzu yana nan. Kai ka kora shi zuwa wancan ruɓaɓɓen. Ya ceci ranka, ka saka masa."

Takwaran Kyaftin ya tashi ya bar falon. Ni kuwa amsa tana bakina: da an bar shi a babban jirgi, da ba gida uku kaɗai ne ke zaman makoki ba. Na buɗe baki, Kyaftin ya kalle ni, na rufe. Ya ce mata, "Allah ya ba ki haƙuri. Allah ya gafarta masa." Muka fito muka shiga mota. Kafin ya tayar da inji ya ce mini, "Yau ba ranar gaskiya ba ce, ƙanwata. Ranar haƙuri ce."

Daga nan ya nemi gidan su mataimakin, wani ɗaki biyu a ƙarshen lungu. Babu wanda ya aike shi. Ya samu mahaifiyar yaron zaune kusa da keken ɗinkinta, ya ce, "Inna, na zo in gaya miki ɗanki bai yi kuskure ba. Ya ga abin da ya kamata ya gani, ya faɗi abin da ya kamata ya faɗa."

Ta dube shi ta ce, "To in ya yi daidai, me ya sa ya mutu?"

Mutumin da ke da amsar kowace tambaya a ɗakin horo ya zauna a gabanta ya ce, "Allah ya jiƙansa."

Bayan wannan ya koma Akwati da wata sabuwar tsanani. Ya daina karɓar maganar rarrashi daga mataimaka. In yaro ya ce, "Yallaɓai, ko za a...," sai ya tsayar da na'ura ya ce, "Ban ji ba. Ni kurma ne, kuma tudu yana zuwa. Faɗa da ƙarfi. In ban ji ba, karɓe tuƙin, mu yi faɗa a ƙasa." Yaran da aka rena a kan cewa ba a ɗaga wa babba murya, sai da ya koya musu ɗaga ta. Ya ce ladabin da zai kashe mutane ba ladabi ba ne.

Cikin waɗanda suka fi shan wuya a hannunsa akwai wata yarinya da ake kira Auta, ita kaɗai ce mace a ajinsu, daga makarantar farar hula ta fito da sakamako mai kyau. Ya riƙa kashe mata na'ura da inji ɗaya a lokaci guda, har ta taɓa fitowa tana kuka ta ce mini, "Anti, tsohon nan ya tsane ni." Shekaru bayan haka, jirginsu yana tashi cike da mutane sai garken tsuntsaye ya shige inji ɗaya ya kashe shi. Ita ke riƙe da tuƙi. Kyaftin ɗin da ke gefenta tsohon soja ne, shi ma ya bi ta Akwati. Bai fizge tuƙin ba. Ya ce, "Riƙe, kina daidai. Me kike so in yi?" Ta faɗa, ya yi. Suka juyo suka sauka, babu wanda ya ƙwarzane.

Jaridu suka cika da hotonta, kuma ta cancanta. Ta gaya wa 'yan jarida wanda ya koya mata, amma ba wanda ya buga. Ta zo ɗakin horo da jaridar a hannu tana ba shi haƙuri. Ya ce, "Madalla, 'yata. Allah ya yi miki albarka." Na ce masa ai wannan ta isa ta sanyaya masa rai a kan haɗarin su Guguwa. Ya girgiza kai ya ce, "Ba a biyan rai da rai. Waɗannan sun tsira, alhamdulillahi. Waɗancan ukun suna nan inda suke."

Yanzu ga shi ya ajiye aiki. Kunnen ne ya fara tafiya, sai zuciya ta fara gardama, likita ya ce ya isa. A daidai lokacin kamfani ya ga ya fi sauƙi a riƙa tura matuƙa wani wuri su yi horo na ɗan gajeren lokaci su dawo. Aka kashe Akwati, aka lulluɓe shi da tamfol, aka sa wa ginin kwaɗo. An yi masa taron sallama a ƙaramin ɗakin taro. Rabin kujerun babu kowa, domin waɗanda ya koyar suna sama suna aiki. Manaja ya karanta jawabin da wani ya rubuta masa, ya miƙa masa agogon bango, ya ce yana da wani taron. Kyaftin bai ji rabin jawabin ba. Ya yi godiya, ya cire hularsa ya ajiye a kan tebur, matarsa ce ta ɗauko ta.

Kwanaki da na je gaishe shi na yi ƙarfin hali na tambaye shi abin da na daɗe ina riƙewa. Na matsa kusa da kunnensa na dama na ce, "Yaya, da za a mayar da kai ranar gwajin nan, me za ka yi?"

Ya ce, "Zan sake kayar da shi." Sannan ya ƙara, "Sai dai ba zan bar shi ya tafi haka ba. Zan bi shi gida in zauna a ƙofarsa, ya zage ni har ya gaji, ya buɗe."

Kyaftin, kai ne ka yarda a kira ka matsoraci don waɗanda ba su san sunanka ba su kwana a ɗakunansu. Ka rasa amini, ka rasa takwara, ka rasa kujerar da ka fi so a duniya, kuma ba ka taɓa zuwa ka ce wa kowa dubi abin da na yi ba. Ba ni da abin da zan mayar maka da shi. A madadin waɗanda suka zage ka a bakin ƙofa, da 'ya'yansu, da jikokin da aka haifa musu daga baya, na gode. Allah ya saka maka, ya sauƙaƙa maka abin da kake ɗauke da shi.

Ku kuma da kuke zaune a gaban jirgi yau, ko daga bariki kuka fito ko daga makaranta: babba ya buɗe kunne, ƙarami ya buɗe baki. Babu wanda zai tafa muku ranar da kuka juya. Ku juya duk da haka.